Muryar Mubina, Fuskar Wata

Sharafiyya, Jidda
3 ga Oktoba

Ƙanwata Mubina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Kawu Gwadabe da duk mutanen Leeds. Umma na gaishe ku, ta ce ki tuna wa ƙanenta shekara huɗu ke nan bai zo umra ba. Da Hausa na rubuto saboda ke ba Larabci, ni kuma Turancina na ofis ne, ba ya ɗaukar dogon zance.

Kin san aikina a kamfanin fim ɗin nan na unguwar Bagdadiyya shi ne nemo 'yan wasa. Yanzu muna shirin fim mai dogon zango a kan wani asibiti a Jidda. A ciki akwai Dakta Helen, likitar yara 'yar Ingila, kuma tana fitowa a kashi goma sha biyu. Mata tara muka gwada. Wadda daraktanmu Meshari ya fi so wata doguwa ce mai gashi ruwan zinare, tana tallar turare a Dubai. Kyau kam akwai, amma tana buɗe baki za ki san ba ta taɓa kwana a Ingila ba.

Shekaranjiya na kunna masa wasan rediyon da kika fito a ciki, wanda kika turo mini da azumi. Bai yi minti biyu yana saurare ba ya bugi tebur, ya ce, "Halas, shi ke nan, wannan ce Helen! Ina kika samo ta?" Na ce haifaffiyar Leeds ce. Ga shafi uku na haɗo miki. Ki karanta su a bidiyo ki turo kafin Alhamis. Yalla, kada ki tsaya nawa.

Yayarki,
Saudatu

Leeds
5 ga Oktoba

Yaya Saudatu,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa. Ki gaishe mini da Gwaggo Zubaidatu. Baba ya ce a ba ta haƙuri, gwiwa ce ta hana shi.

Yaya, tambaya ɗaya. Kin gaya wa mutumin nan ni 'yar kawunki ce? Ya ga hotona?

Shekara tara ina wannan sana'a. Na fito a 'yar gudun hijira sau uku, mai shara sau biyu. Kullum sai an ce in ɗan karya harshe "ya fi kama da na Afirka", ni da aka haifa bayan tashar bas ɗin Chapeltown. Akwai fim ɗin da na nema na Turawan da, masu shan shayi a lambu. Matar da ke gwaji ta yaba mini sosai, sannan ta ce ba irina suke hangowa a teburin ba. A rediyo kaɗai nake zama 'yar Ingila ba tare da gardama ba.

Duk da haka ga bidiyon. Na yi shi da kyau, na sani.

Ƙanwarki,
Mubina

Sharafiyya
11 ga Oktoba

Mubina,

Bayan gaisuwa mai yawa. A'a, ban gaya masa ba. Da gangan na bari kunnensa ya riga idonsa.

Mu shida muka kalli bidiyon. Da aka gama Meshari ya daɗe yana juya kofin gahawa. Can ya ce, "Wallahi ta iya. Amma ya Saudatu, mai kallo ba zai yarda wannan Baturiya ce ba. Za a ɗauka nas ce." Sai ya kawo shawara: mai gashin zinaren ta yi wasan, a ɗora muryarki a bakinta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ustaz Meshari, ni 'yar ina ce?" Ya ce 'yar Jidda mana. Na ce kakana da ƙafa ya zo hajji, a Makka aka binne shi, ni da uwata duk a garin nan aka haife mu. Shekara bakwai ina kawo masa 'yan wasa daga unguwar Waziriyya, yara masu irin fatata da Larabcin Hijaz zalla a bakinsu, bai taɓa ba ɗayansu abin da ya wuce ɗaukar faranti ko buɗe ƙofa ba. Na ce idan mai kallo bai saba ba, mu ne ba mu taɓa nuna masa ba.

Ya ce da alama na gaji, in je gida in huta mako guda. Yau kwana uku. Umma ta damu, ni ko a jikina. Amma tayin naki ne, ba nawa ba, shi ya sa na isar miki yadda ya faɗe shi.

Saudatu

Leeds
12 ga Oktoba

Yayata,

Sannu, sannu. Na karanta wa Baba wasiƙarki, ya ce ke jinin Gwaggo ce sak. Ki yafe mini, saboda ni aka zaunar da ke a gida.

Amsata a'a ce. Murya da fuska tare suke tafiya, ba na raba su. Amma kada ki tsaya a nan. Ki nema mini minti goma da jarumin fim ɗin, kai tsaye ta bidiyo, Meshari na zaune. Idan bayan haka ya ce ba ni ba, na haƙura.

Mubina

Sharafiyya
20 ga Oktoba

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ke fuskar jarumin, Abdulelah, kawai kika gani jiya, bari in ba ki labarin sauran ɗakin.

Wejdan, marubuciyar fim ɗin, ita ta shirya zaman, ita kuma ta dage sai an kira ni. Da kika shiga wasan, kika fara gaya wa Abdulelah cewa 'yarsa na buƙatar aikin zuciya, Meshari waya yake latsawa. Da kika zo wurin da Helen ke cewa, "Ka zauna tukuna, ba yanzu za mu shiga da ita ba," sai ya ajiye ta. Abdulelah kuwa bai bi rubutun ba. Mantawa ya yi da layinsa. Daga baya ya ce ji ya yi kamar a asibitin gaske yake.

Meshari ya yarda, ke ce Helen. Ni ma na koma aiki, ya gaishe ni kamar ba a yi komai ba. Sai dai ya ƙara shafi guda a kashi na farko. Wani uban yaro zai tambayi Helen daga ina take, ita kuma ta ba shi tarihin iyayenta da kakanninta, daga wace ƙasa suka taso, a wane jirgi, don mai kallo ya natsu. Ga shi na haɗo. Me kika gani?

Yayarki,
Saudatu

Leeds
21 ga Oktoba

Yaya,

Na gode, Allah ya bar zumunci. Na karanta shafin. Likita mai marasa lafiya ashirin a layi ba ta da lokacin wannan. Tambayar ta zauna, don ana yi mini ita kullum. Amsar kalma ɗaya ce: "Leeds." Sai Helen ta ci gaba da duba kunnen yaron. In ya amince, ina tafe. In bai amince ba, a gaishe shi.

Mubina

Bagdadiyya
24 ga Oktoba

Mubina,

Salam. Ya karanta, ya ce duk danginmu haka muke? Na ce bai ga Umma ba tukuna. Ya ja biro ya soke shafin da hannunsa.

Ranar tara ga watan gobe za a fara ɗauka. Ki taho da Kawu, gwiwar tasa a keken marasa lafiya za mu yi mata ɗawafi.

Sai kun sauka,
Saudatu