Inda Zan Sa Sunan Tanti Halima

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Mariyama, wadda ta riga mu gidan gaskiya shekara shida ke nan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗiya ga uwa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'imarsa, ina sanar da ke cewa mu duka lafiya lau muke a Banifandu. Sai dai ni raina a ɓace yake, Inna, kuma ke kika ɓata shi. Da kina nan, da na zo bakin tabarmarki na yi ta mita har ki kore ni. Tunda babu hali, zan rubuta a nan inda mutane ke karantawa, ko da yake na san ba ki son a kai zancen gida waje.

Dangi ne suka ce a buga salsalar gidanmu a kan babbar takarda, tun daga kakanni har jikoki, a raba wa kowa ranar taron zumunci bayan Babbar Salla. Ni suka ɗora wa aikin, wai tunda na ajiye koyarwa ba ni da abin yi. Mai bugawa, can kusa da Babbar Kasuwa, ya ce in kai masa ranar Alhamis. Komai ya kammala, sai suna ɗaya da na rasa inda zan sa shi, sunan Tanti Halima ta Harobanda, can ƙetaren kogi, wadda tun tashina na san ta a matsayin ƙanwarki.

Kin tuna kayen nan mai shuɗin bango, littafin rubutu irin na ƴan lakkol, makarantar boko? A cikinsa na rubuta salsalar daga bakinki, kina tauna goro kina faɗa ina rubutawa. Kin ce kakanmu Malam Abdu daga Borno ya zo Damagaram, da raƙumi ɗauke da littattafai. Na so in tsaya a nan. Halin malanta ne ya hana ni, na ce bari in je gidan ajiyar tsofaffin takardu in gwada maganarki da abin da aka rubuta.

Mako uku ina zarya. Mai gadin wurin har ya saba da ni, kullum sai ya ce, "Madam, yau ma wajen matattun?" Daga ƙarshe aka fiddo mini littafin ƙidaya na unguwarku, irin wanda ake yi zamanin Nasara don a san kawunan da za su biya lanho, wato haraji. Takardun sun yi ja, in ka juya da ƙarfi sai su gutsure.

Inna, babu raƙumi. Jaki ɗaya aka rubuta, kuma sana'ar kakanmu rini. Ƙanenki Kawu Sani ya zama ƙanen ƙanwarsa, don an rage masa shekaru. Kawu Idi kuwa babu shi sam, kuma na san dalili, don shi da kansa ya sha ba mu labarin yadda aka cusa shi cikin rumbu ranar ƙidaya kada a kai shi lakkol. Ke kuma shekarunki kintata aka yi, da alama magatakarda ya dube ki ne kawai ya rubuta abin da ya ga dama. Duk waɗannan dariya suka ba ni, har mai gadi ya leƙo.

Sai idona ya kai layin ƙarshe na gidan. Halima. A gefe an rubuta da Faransanci: jika. Sunan uba kuma ba Abdu ba ne, Musa ne.

Na ce kuskure ne. Mutumin da ya kasa ganin yaro cikin rumbu ai ba abin mamaki ba ne ya mai da ɗiya jika. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya, na sa aka ɗauko mini tsofaffin jaridu na shekarar da Kaka ta rasu, don na tuna Kawu Sani ya sa sanarwa. Na same ta a shafin baya, ƴar ƙarama, ƙarƙashin tallan batir. Ɗiyan mamaciya huɗu ne: ke, Kawu Idi, Kawu Sani, da Tanti Zuwaira. Sai jikoki, kuma sunan da ya fara zuwa shi ne Halima, kafin na Yaya Ali.

A bakin titi na tsaya na kira Kawu Sani a Damagaram. Kin san kunnensa ya yi nauyi, da ihu yake magana. Ya ce, "To da fa? Ɗiyar Mariyama ce ta fari mana! Ta mijinta na farko, Musa, da ya rasu tana goyo. Da aka yaye ta aka ba tsohuwa ta riƙe. Ai kowa ya sani."

Kowa, Inna. Na kira Yaya Ali, ya ce, "Na taɓa jin haka, na ɗauka ke ma kin sani." Shekarata sittin a duniya, na koya wa ɗiyan mutane tarihin sarakunan da ban taɓa gani ba, amma ban san yayata ciki ɗaya ba. Haba!

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk alamun suna gabana. Ba ki taɓa kiran sunanta ba. Kullum "waccan ta ƙetare", ko "mutuniyar Harobanda". Ni kuwa na san kunyar ɗan fari sarai, na san uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Amma na ɗauka Yaya Ali ne ɗanki na fari, kuma shi kina ƙwala masa kira daga tsakar gida har a ji ki a bakin hanya. Har alfahari na yi wa malamai ƴan'uwana, na ce uwata wayayyiya ce, ba ruwanta da waɗannan tsofaffin al'adu. Ashe kunyar tana nan daram, ni ce ban san inda ta dosa ba.

Ranar da muke rubuta kayen, na ce ki lissafa ƴan'uwanki, kika faɗi uku kika yi shiru. Na ce kin manta Tanti Halima. Kika ce, "Rubuta abin da na faɗa miki." Da muka zo kan ɗiyanki, kika daɗe kina juya goro a baki, sannan kika ce Ali, Bubakar, sai ni auta. Na ɗauka gaba ce ta ƴan'uwa. Da kika tashi alwala, na ɗauki jan biro na ƙara sunanta a ƙarƙashin na Tanti Zuwaira, ina jin na yi adalci.

Kowace Juma'a tana ƙetaro gada da kwanon zogale da ta kwaɗa da hannunta. Ba ta wuce bakin ƙofar ɗakinki. Ta ce, "Yaya, ina wuni," ke kuma ki juya fuska wajen bango ki tambayi mutanen gida. Tana tafiya sai ki jawo kwanon ki cinye tas, ko jikokinki ba ki sam musu. Ni a raina ina cewa: dubi Inna, ba ta son mai abu, tana son abunta. Da haka na kama miki faɗan da ba ki taɓa yi ba. Na daina yi mata fara'a, in ta zo ko ruwa sai na ga dama nake kawowa.

Yanzu ga wanda ya hana ni sukuni. Ranar da kika cika, da mata suka shirya yi miki wanka, ta taso ta naɗe hannun riga za ta shiga. Na tare ƙofa. Na ce, "Tanti, bari ɗiyarta ta yi. Wadda ba ta so ganinki ba tana da rai, kada a tilasta mata yanzu." A gaban mutane na faɗi haka. Ta dube ni ta ce, "Gaskiyarki, Auta," ta koma waje. Da aka zo rabon tufafinki na ɗauke akwatin gaba ɗaya, ni ɗiya mace tilo, na miƙa mata zane ɗaya da ya koɗe. Tun daga nan shekara shida, daga gaisuwar Salla ta waya babu abin da ya haɗa mu.

Kalma ɗaya, Inna! Ba sai kin faɗi sunan ba. Da kin ce mini "yayarki ce", shi ke nan. Kin gaya mini yadda ake gane daddawa mai kyau, kin gaya mini wanda ya saci akuyar wa a Damagaram tun ba a haife ni ba, kin ba ni raƙumin da babu shi, amma wannan kika haɗiye. Kina ganin yadda nake ɗaure mata fuska kika ƙyale ni. Wace irin kunya ce wannan da za ta bar ɗiya ta kori ɗiya daga gawar uwarsu?

Jiya na sa akwatin a bayan taksi na ƙetare gada. Na same ta a zaune a inuwar darbejiya, ta rame, idanunta sun yi rauni, da muryata ta gane ni. Na durƙusa na gaishe ta, na fiddo waya na karanta mata hoton shafin ƙidaya da na jarida. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Auta, sai da Nasara ya gaya miki kika yarda?"

Na ce, me ya sa ba ta buɗe baki ba ranar da na tare ƙofa? Ta ce, "Ta kwana nawa tana rufe abu, ni in buɗe shi gawarta na kwance? Kuma ke, ruwan da kika wanke ta da shi, wa kike tsammani ya ɗumama?" Na tura mata akwatin, ta shafa murfinsa, ba ta buɗe ba.

Can ta ce tana da tambaya ɗaya, kuma in ji tsoron Allah in faɗi gaskiya. Ta ce, "Ke kika zauna da ita har ƙarshe. Ko sau ɗaya, ko cikin zafin ciwo, ta taɓa kiran sunana?"

Na so in yi mata ƙarya, Inna. Na ga tsohuwa mara lafiya, na ce a raina bari in ba ta abin da za ta riƙe. Amma ta riga ta haɗa ni da Allah. Na ce, "A'a, Yaya. Ko sau ɗaya." Wannan ne karo na farko da na kira ta haka.

Sai na ga ta sauke ajiyar zuciya, fuskarta ta washe. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Da ta kira, da na san ta mai da ni ƙanwa da gaske. Ashe har ta koma ga Allah ni ce ta farinta."

Na fito ina kuka ina kuma jin haushinku ku biyu. Kun yi shekara saba'in da wani abu kuna magana da juna ta hanyar da ni, mai takardar malanta, ban iya karantawa ba. Har yanzu ban ce kin yi daidai ba, kuma ba na jin zan ce.

Ranar Alhamis zan kai wa mai bugawa takardar. Raƙumin kakanmu na bar masa, ba ya cutar da kowa. Amma na soke abin da na rubuta da jan biro. A ƙarƙashin sunanki yanzu akwai huɗu, kuma na farko, sama da Ali, shi ne Halima. Na san da kin gani da kin juya fuska wajen bango.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki shirunki, ni kuma ya yafe mini abin da bakina ya faɗa a ƙofar nan. Allah ya ba yayata lafiya, ya ara mini Juma'o'i masu yawa da zan ƙetara mata gada. Amin.

Ni ce ɗiyarki mace ta biyu,
Rakiya, wadda kika yi ta kiran sunanta har ya ishe ta.