Gishirin Mitini

Simalkharka,
Watan Mangsir na kalandarmu, farkon hunturu.

Zuwa ga Yaya Femke,

Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, ni da ban taɓa iya haɗa ido da ke ba. Ni ce Nirmaya, ƙanwar mitininki, wadda take ɓuya bayan ƙofa duk lokacin da kika ɗaga kyamara. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyayenki da duk mutanen gidanku a Holan. Yaya ƙafarki? Mahaifiyarmu, Ama, tana tambaya ko tana yi miki ciwo idan sanyi ya shigo. Turancina na makaranta ne. Malama Kalpana ce ta bar ni in buga wannan a kwamfutar ofis, idan kin ga kuskure nawa ne, ba nata ba.

Yaya Sukmaya, mitininki, ce ta sa ni. Ta ce in gaya miki Baba ya rasu.

Kafin in faɗi yadda abin ya faru, bari in tuna miki wani abu, ko da yake na san ba ki manta ba. Bara waccan kin zo garinmu da jakar goyo ja wadda ta fi kanki tsawo, kika gurɗe a matakalar dutsen da ke ƙasan gonarmu, kika kwanta a gidanmu har kika warke. Yaya ce take daka ganye tana ɗaure miki, ita ta koya miki cin tuwon tamba da hannu ba tare da taunawa ba. Ranar da za ki tafi aka shimfiɗa tabarma, lama, malamin addininmu, ya zo, kuka zauna kuna fuskantar juna. Kin ba ta hularki ta ulu, ta ba ki warwaron azurfar kakarmu. Kina dariya kina hawaye, kika ce wannan ya fi duk duwatsun da kika gani kyau. Tun daga ranar kun zama mitini.

Mitini ba ƙawa ba ce. Ƙawa ana yi ana bari. Mitini ta fi 'yar uwa ta ciki ɗaya nauyi, domin ita zaɓenta aka yi. Ba a kiran sunanta, iyayenta naka ne, baƙonta ma naka ne. Shi ya sa har yau Yaya ba ta taɓa furta sunanki ba.

A watan jiya abokanki biyu, Ruben da Marit, suka iso da hotonki a waya, kina tsaye tsakanin Baba da Ama. Suka ce kin ce musu su nemi danginki, Baba ya san hanyar mashigar dutse kamar yunwar cikinsa. Gaskiya kika faɗa. Sai dai Baba ya daina dako tun da ƙirjinsa ya fara damunsa, igiyar goshin da yake ɗaukar kaya da ita ma tana rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. Ama ta ce a nemo musu samari daga garin ƙasa. Baba ya ce, “Baƙin 'yata ne. In miƙa su ga ɗan wani kamar ba ni da ƙafa?” Ya sauko da igiyar ya kakkaɓe.

Lokacin tafiya ya riga ya ƙure, dusar ƙanƙara ta fara sauka a sama. Kusa da mashigar, ciwon kai irin na tudu ya kama Marit, Baba ya ɗora jakarta a kan kayansa. Ya ce mutanen kirki ne, sun yi ta tambayarsa ko lafiya yake, yana ce musu lafiya lau. To, me mutum zai ce wa baƙo? Da ya sauke su a ɗaya gefen sun miƙa masa lada, ya mai da hannayensa baya, don ba a karɓar lada a hannun dangi. Suka bar masa sandunan tafiyarsu. Ya haye dutsen shi kaɗai ya dawo, ya shigo gida yana tari mai ƙara kamar ana yaga tsumma. Muna neman waɗanda za su goya shi zuwa bakin hanyar mota, ya riga mu gidan gaskiya.

Ban rubuto don in ɗora wa kowa laifi ba. Abin da Yaya take roƙo kaɗan ne. 'Ya'yan mamaci ba sa cin gishiri sai an fita makoki, ke kuma 'ya ce. Ta ce ko labarin ya iso miki a makare, ki bar gishiri na 'yan kwanaki, don Baba ya tafi da ƙidayar 'ya'yansa cikakkiya.

Akwai kuma Goggo Dilmaya, mai masaukin baƙin da ke saman gidanmu, wadda kika ce shayinta ya yi zaƙi da yawa. Ranar gaisuwa ta ce a gaban mutane baƙo raɓa ne, wa ya taɓa ƙulla zumunci da raɓa? Tun daga nan Yaya ta ƙi cire hularki har a cikin ɗaki. Idan kika amsa, Yaya za ta samu abin ɗaga kai.

Ama tana gaishe ki. Ki gaida iyayenmu na can.

Ƙanwarki,
Nirmaya.

Simalkharka,
Watan Magh.

Zuwa ga Yaya Femke,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan sanyin can bai takura miki ba. Mu nan ruwa yana daskarewa a bokiti, ɓaunarmu ta haihu, Ama tana fama da gwiwa amma da sauƙi.

Amsarki ta iso, na gode. Malama ta buga mini ita a takarda har da hoton. Na karanta musu a bakin murhu, ina juyawa zuwa harshenmu layi bayan layi, ban rage ba, ban ƙara ba. Amma wannan da nake rubutawa yanzu ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya sani.

Kin ce kin yi kuka, na yarda. Kin ce kun taru da Ruben da Marit kun dafa shinkafa da miyar dal, miyar wakenmu, yadda Ama ta koya miki, kuka ci don tunawa da Baba. Ama ta karɓi hoton farantin ta kai shi kusa da wuta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Da gishiri?” Na ce ba ki faɗa ba. Abin da kika faɗa shi ne al'adar barin gishiri tana da kyau ƙwarai, ta taɓa miki zuciya. Ba ki ce kin yi ba. Kin kuma kira Yaya da sunanta tun a layin farko, dole na furta shi a madadinki, Ama ta sunkuyar da kai kamar wani ya tuɓe a gabanta.

Yaya ce ta kare ki. Ta ce ai kin gaya mata teku ne ya kewaye ƙasarku, babu ko tudun da akuya za ta hau, wataƙila iskar da kuke shaƙa ma gishiri ce, to yaya za ki yi? Ama ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni ban yi ba.

Duk wannan da sai in haɗiye. Ƙarshen wasiƙar ne ya hana ni barci. Kin ce wasu abokan aikinki huɗu za su zo a watan Chait, nan da wata biyu, suna son su haye mashigar su ɗaura tutocin addu'a a can saboda Baba, kuma kin ce musu su sauka a gidanmu. Na san da kyakkyawar niyya kika yi. Amma a kunnen Yaya wannan aike ne. Gidanmu babu namiji yanzu. Washegari ta sauko da igiyar Baba daga ƙusa. Kullum da safe tana cika kwando da taki ta haura da shi gonar can sama, ta sauko, ta sake cikawa, alhali gonar ba ta buƙatar taki sai bazara. Goshinta ya saɓule. Goggo Dilmaya tana leƙowa ta kan katanga tana ce mata, “Sannu jakar Turawa, a ina ake hayarki?”

Akwai mata masu dako, ban ce babu ba, amma sun taso a cikinsa ne. Yaya ba ta taɓa wuce makiyayar damina ba. A watan Chait kuwa dusar da ke saman mashigar ta fara laushi, tana zamewa da mutum ba sallama. Na ce mata ta bari a nemo samari, ta ba ni amsar Baba kalma da kalma.

Na tambayi Ama a ɓoye ko ana kwance mitini. Ta ce daga ɓangarenmu ba a yi, abin kunya ne har jikoki. Sai dai idan ɗayar ce ta dawo da kyautar, ko ta faɗa da bakinta cewa ta fita.

Don haka ga roƙona, kuma ki yafe mini rashin kunyata. Ki aiko da warwaron. Idan ba zai yiwu ba, ki rubuta layi ɗaya kawai, ki ce ke ba mitininta ba ce, wasa ne na tafiya, ya wuce. Kada ki sa masa zuma. Za ta yi kuka, Goggo Dilmaya za ta samu abin faɗa na shekara guda, amma Yaya za ta mai da igiyar kan ƙusa. Mun riga mun ba dutsen nan mutum ɗaya.

Ina jiran amsarki.

Ƙanwarki,
Nirmaya.

Simalkharka,
Watan Chait.

Zuwa ga Yaya Femke,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, kuma kin gama shirya sabon gidan da kika koma. Furannin daji sun buɗe, gefen dutsen duk ya yi ja. Jarrabawarmu ta kusa.

Na karanta amsarki sau da yawa kafin in kai ta gida, ina neman layin da na roƙa. Babu shi. Kin ce ba za ki iya faɗin magana mai zafi haka ba, domin Yaya 'yar uwarki ce a zuciya har abada. Kin ce warwaron yana cikin wani kwali tun da kika tashi daga tsohon gida, ba ki gano wanne ba tukuna. Sannan kika ce in gaya mata don Allah kada ta wahalar da kanta, abokanki za su iya ɗaukar kowa haya.

Na gaya mata, har sau biyu, a hankali. Yaya ta yi murmushin da ban gani ba tun rasuwar Baba. Ta ce, “Kin ji ko? Mitinina ta san kunya. Baƙon kirki ai sai ya ce ya ƙoshi kafin a ƙara masa.”

Kin zauna da mu, kin san haka ne. A nan idan mutum ya rufe farantinsa da hannu, a lokacin ne ake ture hannun a zuba. Wanda ya ce kada a wahala saboda shi, shi ne ya cancanci a wahala. Na rantse mata cewa a wurinku ba haka ba ne, a'arku a'a ce. Ta ce makaranta ta koya mini Turanci amma ba ta koya mini mutane ba. Wataƙila gaskiyarta ce. Da na san mutane da ban roƙe ki abin da ya fi ƙarfin kirkinki ba.

Abokanki sun iso shekaranjiya. Su ma suna da hoton nan a waya. Sun cire takalma a bakin ƙofa, sun haɗa tafin hannu sun gaida Ama, ɗaya har ya yi hawaye a gaban hoton Baba. Na tara duk ƙarfin halina na ce musu yayata ba ta taɓa hawa mashigar ba. Suka tambaye ta ta bakina ko ta tabbata za ta iya. Ta ce lafiya lau. Suka yi ta yaba mata, suka ce matan ƙasarmu jarumai ne. Ama ta sa an nemo wani dattijo da ya taɓa dako tare da Baba don ya nuna hanya, amma kayan da suka fi nauyi Yaya ta hana kowa taɓawa, ta ce na mitininta ne.

Jiya da safe suka tashi. Igiyar Baba ta yi mata tsawo, sai da ta ƙulle ta a wuri biyu. Ta sa hularki a ƙarƙashi don kada ta ƙara cin goshinta. Da ta miƙe da kayan ta yi tangaɗi, ta yi dariya don kada baƙi su lura. Goggo Dilmaya ta fito bakin hanya, na ɗauka wata baƙar magana za ta yi. Sai ta cusa mata dafaffen ƙwai a aljihu, ta juya ta shige. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da duk gorin da ta yi a baya.

Yau tun hantsi gajimare ya rufe saman dutsen. Daga tagar ajinmu ake hango wurin, Malama ta canja mini kujera don in daina leƙe.

Ba na jin haushinki yadda na so in ji. Na gwada, amma duk lokacin sai in tuna ki kina ɗingishi a tsakar gidanmu kina koyon kiran kaji da harshenmu. Ba ki taɓa yi mana mugunta ba. Kin zo, kin so mu, kin ɗauki jakarki kin tafi. Mu ne ba mu da inda za mu ajiye tamu.

Idan komai ya tafi daidai, Yaya za ta dawo kafin ƙarshen mako mai zuwa. Ina neman izininki in sake rubuto miki sau ɗaya, ko ta dawo ko ba ta dawo ba. Idan ta dawo, layi biyu ne, ba zan ɗauki lokacinki ba. Idan kuwa ɗayan ne, zan sanar da ke a ranar, ba zan bari ya kwana ba, don ki sani kafin ki ɗora tukunya. Gishiri ne kawai, Yaya Femke. Mu yanzu mun saba.

Ki ba ni izini.

Ƙanwar mitininki,
Nirmaya Gurung.