Kayan Haihuwar da Aka Ƙi Karɓa a Sabon Gari

Zuwa ga Likita, mai asibitin haihuwa mai zaman kansa da ke Sabon Gari, Zariya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Ya aiki, ya fama da jama'a? Allah ya taimaka, amin.

Sunana Rifkatu. Tela ce ni, ina da keken ɗinki ɗaya a wata rumfa a Samaru. Maigidana Yohanna malamin firamare ne a wajen Shika. Ba ka san ni ba, ko da yake katin awona yana asibitinka da sa hannunka a kai. Ban ambaci sunanka ba, ban ambaci na asibitin ba, domin ba tozarta ka na zo yi ba. In ka karanta za ka gane kanka. Sau uku ina zuwa neman ganinka. Na farko aka ce kana Kaduna, na biyu aka ce kana da baƙi, na uku maigadi ya karɓi takardata ya ce zai miƙa maka. Wata huɗu ke nan ban ji komai ba. Shi ya sa na kawo maganar nan cikin jarida.

Na ɗaya, yadda na haɗa kayan haihuwa.

Shekararmu bakwai da aure kafin wannan cikin ya tsaya. Biyu sun zube a baya. Da na ga wannan ya wuce wata uku, sai na fara neman inda zan yi awo. Matan zumunta na cocinmu suka ce asibitinka da sauƙin kuɗi, kuma ba a yini a layi kamar babban asibiti. Mace irina in ta yini a layi, ranar ba ta ɗinka komai ba ke nan. Sai na zo na yanki kati, na biya kuɗin karɓar haihuwa tun a lokacin, kamar yadda tsarinku yake.

Ranar awon farko wata nas ta ba ni takardar kayan da zan zo da su, abu ashirin da uku. Na kai wa maigidana, ya karanta, ya ninke, ya ce Allah zai kawo. Ka san yadda albashin malamai yake zuwa, ba sai na faɗa maka ba. Na ce masa ya bar mini wannan, shi ya ji da abinci da tanadin suna.

Wata biyar na yi ina haɗawa, kowane mako abu ɗaya ko biyu, daga kuɗin ɗinki. Rigunan jariri da huluna da safa, gwanjo na saya. Nakan shiga motar farko zuwa kasuwar Sabon Gari ranar da ake kwance dila, don in samu zaɓi kafin masu shago su kwashe masu kyau. In na dawo in tafasa su, in shanya, in goge. Nafkin kuwa yadin tawul na saya, na yanka goma sha takwas, na kalmashe bakinsu da kekena. Baho maƙwabciyata ta ba ni na ɗanta da ya girma. Shawul Goggo Laraba ce ta saƙa, ƙanwar mahaifin maigidana, wadda muke gida ɗaya da ita.

Amma kayan da za su taɓa jikina da na jariri a ɗakin haihuwa, ban yi wasa da su ba. Safar hannu, auduga, sifirit, sirinji, reza, ledar shimfiɗa, abin matse cibiya, duka sababbi na saya, a rufe. Mu uku masu ciki muka haɗa kuɗi, muka je wurin wata mata 'yar ƙabilar Ibo mai sayar wa masu kemis a sari, ta ba mu farashin kwali muka raba. Ita da kanta ta nuna mana inda ake duba ranar lalacewar kowanne. Rabona ya tashi naira dubu uku da ɗari biyu.

Da cikin ya shiga wata takwas na ɗauko jakar na zo da ita awo, don a duba ko akwai abin da ya rage. Nas ɗin da ta ba ni takarda ita ce ta buɗe, ta bi ɗaya bayan ɗaya, ta ce na yi ƙoƙari, ba abin da ya saura. A hanyar komawa gida har gasasshiyar masara na saya wa kaina, don murna.

Na biyu, abin da ya faru ranar haihuwa.

Ranar Litinin ce, cikin damina. Naƙuda ta taso bayan maigidana ya tafi makaranta. Goggo Laraba ta ɗauki jaka, muka ɗauki shatar tasi, muka iso asibitinka wajen ƙarfe tara na safe. Kai ba ka nan. Babbar nas muka samu, wadda ake kira Matiron. Ta zuge jakar, ta leƙa, ta mayar ta rufe. Ta ce an daina karɓar kayan waje, dole a sayi ƙunshin asibiti a tagar kemis ɗinku, naira dubu shida da ɗari biyar. Na ce mata an duba kayana a nan, an ce sun cika. Ta ce wannan da ne, doka ta canza, ga sanarwa can a jikin ƙofa. Da gaske akwai takarda a jikin ƙofar, da Turanci, tare da wasu takardu da yawa. Awo biyu na zo bayan an manna ta, ba wanda ya buɗe baki ya faɗa mini.

Dubu ɗaya da ɗari biyar ke hannunmu. Goggo ta durƙusa, tsohuwa ce mai furfura, ta ce a duba yarinyar nan tukuna, kuɗi na zuwa. Matiron ta ce ita ma ma'aikaciya ce, in ta karya dokar Likita daga albashinta za a cire. Ta nuna mini benci a baranda, ta ce haihuwar fari ba ta zuwa da wuri, in zauna.

Maigidana ba shi da wayar hannu. Goggo ta fita bakin titi wurin masu wayar kuɗi, ta kira hedimastansu, sai a kira na huɗu ya shiga. Yohanna ya bar aji, ya hau acaɓa zuwa Samaru ya ɗauko kuɗin da ya ajiye don suna, sannan ya nufo Sabon Gari cikin ruwan sama. Ƙarfe ɗaya saura ya iso, jiƙe sharkaf.

Duk wannan lokacin ina kan benci. Ba a auna ni ba, ba a saurari bugun zuciyar ɗan ba, ba wanda ya ɗora hannu a cikina. Wajen sha ɗaya faya ta fashe, ruwan ya fito kore-kore. Ni a lokacin ban san alama ce ta ɗan yana wahala a ciki ba. Goggo ta sani, na ga fuskarta ta canza. Ta je ta faɗa, aka turo mai shara da bokiti ta goge wurin.

Na uku, abin da ke cikin ƙunshinku.

Da maigidana ya biya, aka shigar da ni ɗaki, aka yage ledar a gabana. Ranka ya daɗe, ina cikin ciwo amma idona biyu. Safar hannun da ke ciki kamfani ɗaya ne da tawa, kwali iri ɗaya. Audugar ma haka, sifirit ɗin ma haka. Ban ga abu ɗaya a ciki wanda babu shi a jakar da ke hannun Goggo a waje ba.

Matiron ta sa safa ta duba ni. Bai kai minti biyar ba ta cire, ta ce ɗan bai kwanta daidai ba, kuma ya gaji, wannan ya fi ƙarfinsu, mu yi maza mu tafi babban asibiti a Shika. Wannan binciken na minti biyar shi ne abin da na jira kusan awa huɗu. Safa ɗaya yake buƙata, ni kuwa na zo da goma. Da an yi shi ƙarfe tara, da ƙarfe goma ina Shika.

Motar asibiti babu. Maigidana ya sake fita neman tasi. Sauran ƙunshin aka ce an riga an buɗe, ba a mayarwa.

Na huɗu, halin da muke ciki.

An yi mini aiki da la'asar, aka ciro namiji. Bai yi kuka ba. Mako biyu ya yi a kwalbar jarirai, ina zuwa ina leƙensa da ɗinki a cikina. Muka sa masa suna Nuhu, fasto ya yi addu'a a bakin gadon asibiti, ba taro ba girki.

Yau watansa goma. Wuyansa bai tsaya ba, ba ya zama, hannuwansa kullum a dunƙule. Wani lokaci jikinsa ya sandare, idonsa ya juye, sai mu riƙe shi mu jira ya wuce. Likitocin yara sun ce ƙwaƙwalwarsa ba ta samu isasshiyar iska ba lokacin haihuwa. Na tambaye su ko zai yi tafiya, babba a cikinsu ya ce mu ci gaba da kai shi gashin jiki, mu bar wa Allah. Na lura bai kalle ni ba da yake faɗa. Sau biyu a mako nake goya shi zuwa Shika. Masu kawo ɗinki sun gaji da jira, yawancinsu sun koma wani wuri, ban kuma ga laifinsu ba. Matan nan biyu da muka raba kwali tare, 'ya'yansu suna rarrafe. In na hango su a coci nakan canza ƙofa.

Na biyar, abin da ban ce ba.

Ban ce kai ka kwantar da ɗana ba daidai ba a cikina. Likitoci ma ba su ce mini jiran nan ne kaɗai sanadi ba, kuma ba zan sa musu magana a baki ba. Wataƙila ko da an duba ni da wuri haka Allah ya rubuta. Amma ba zan taɓa sani ba, kuma rashin sanin nan asibitinka ne ya ɗora mini shi.

Abin da ya fi cina shi ne kaina nake zargi. Nakan ce da ban yi tsimi ba, da na je da kuɗi a hannu maimakon jaka. Da na haƙura da layin babban asibiti tun farko. Na ɗauka dabara nake yi, ina rage wa mijina nauyi, ina ta alfahari da nafkin da na ɗinka. Maigidana bai taɓa faɗa mini magana marar daɗi a kai ba, ko sau ɗaya, kuma shirun nasa bai rage mini komai ba. Da, masu sabon ciki a zumunta ni suke tambaya ina ake samun kaya da araha. Yanzu sun daina, kuma gara haka, don ban san abin da zan ce musu ba. In na ce su yi tanadi, ga abin da tanadi ya yi mini. In na ce su tafi da kuɗi, na san ba su da shi.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

Ba diyya nake nema ba, ba ni da ƙarfin shari'a da kai, kuma ba kuɗin da zai tsayar da wuyan Nuhu. Roƙona na farko, duk macen da ta shigo ƙofarka da naƙuda a duba ta kafin a tambaye ta ko sisi. Ka faɗa wa ma'aikatanka wannan da bakinka, ka kuma cire musu tsoron yankan albashi, domin na yarda da Matiron da ta ce tsoro take ji.

Na biyu, in dole sai an sayi kaya a wurinka, to ka daina ba mata takardar saye a waje. A faɗa musu da Hausa, da baki, tun ranar yankan kati, har da farashi, don mai tara naira hamsin-hamsin ta san abin da take tarawa. In kuwa kayan mace sababbi ne a rufe, a karɓa.

Na uku, ka samu mota ko da tsohuwa ce, ta tsaya a ƙofa saboda irin ranata.

Gaskiya ban sa rai za ka amsa ba. Na san gobe ma benci zai cika, don mata ba su da wurin zuwa da yawa. Na rubuta ne don kada ya zama ba a taɓa faɗa maka ba.

Roƙona na ƙarshe ba na doka ba ne. In wata rana hanya ta biyo da kai Samaru, ka tambayi rumfar telar da ɗanta ba ya zama, kowa a layin ya san ta. Ka zo ka gan shi. Ba zan yi maka faɗa ba, ruwa zan ba ka. Ba zai iya ɗaga kai ya dube ka ba, amma yana jin murya, in aka kira sunansa yakan yi murmushi. Ina so ka kira sunan sau ɗaya.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a hannunka, ya ba ka zuciyar sauraro. Allah ya sauki 'ya'yanka mata lafiya duk ranar da tasu ta zo, ya sa a buɗe musu ƙofa da wuri.

Wassalam.

Rifkatu, maman Nuhu,
Samaru, Zariya.