Ƙarfen da ke Dokin Ƙofa

Akokan, 6 ga Maris

Zuwa ga yayata Siddiƙa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Halidu da yara. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata kukar da ta aiko ta iso, har na kaɗa miya sau biyu.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Mano direba alhali ga waya. Yaya, na san halinki. In na yi miki saƙon murya, kafin la'asar duk dangi a Damagaram sun saurara, har Gwaggo da ba ta ji. Wannan magana kuwa daga ni sai ke.

Sau huɗu kina tambayata me ya zaunar da ni a garin nan. Kina da gaskiya. An rufe ramin uraniyom, ma'aikata sun watse, layinmu mai gida goma sha biyu saura uku ake hura wuta. Kalilu ya tafi haƙar zinariya, ya aiko mini da saki ta waya ko sallama babu. Na ce miki ɗinki ne ya riƙe ni. Ƙarya na yi. Wa zan yi wa ɗinki, awaki?

Akwai wani a gidan nan. Sunansa Amastan, kuma ba mutum ba ne. Yi a'uziyyarki ki gama, ina jira.

Kin tuna yadda Kalilu ya gina gidan. Katangar duk tano ce, gangunan ƙarfen nan da ake fasawa a miƙe. Tsakar gida ya rufe ta da ragar ƙarfe, ya shimfiɗa tabarmi a kai don inuwa. Abin da ya sa daga ƙarshe shi ne wani guntun ƙarfen dogo, irin wanda kekunan dutse ke bi a cikin rami. A kasuwar tsofaffin ƙarafa ya sayo shi, ya kafa shi a dokin ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida. Da rana tsaka ya yi aikin. Ashe a lokacin wani matafiyi daga cikin mutanen ɓoye ya shigo shan inuwa, barci ya kwashe shi. Irinsu ba sa ƙetare ƙarfe. Ya farka ya tarar an rufe da shi, yau shekara bakwai.

Duk zamana da Kalilu bai taɓa nuna kansa ba, wai gidan wani ne, da kunya. Sai bayan na gama idda, ran nan da azahar ina zaune gindin randa ina kuka, na ji an yi gyaran murya an ce, "Baiwar Allah, ki gafarce ni, amma tuwonki yana ƙonewa."

Na suma, ba zan ɓoye miki ba. Tuwon kuma ya ƙone. Yanzu shekara biyu muna tare, kuma shi ne dalilin zamana.

Kada ki gaya wa Inna. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Radiyya

*

Damagaram, 15 ga Maris

Zuwa ga Radiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna tana amsawa, yara suna gaishe ki.

Na karanta takardarki sau uku, na ƙarshen a zaune. Shekara ashirin ina karɓar haihuwa a gidan likita, na ga mata iri-iri, kuma na san abin da kaɗaici ke yi wa mace. Gida shiru, gari shiru, rana tana dukan kwano, dole kunne ya fara ƙirƙiro wa kansa abokin hira. Ban ce kin haukace ba. Na ce dai ki dawo gida.

Ga rubutu nan cikin gora, Malam Halidu ya karɓo ba tare da na faɗa masa na mene ne ba. Ki sha safe da yamma. Ga kuma turaren hayaƙi, ki bi kowane lungu.

Abin da ya fi damuna ba aljaninki ba ne. Mano ya ce da kika kawo masa takardar sai da kika dafa mota saboda tari, kuma wuyanki ya fito. Ya ce akwai wasu masu awo da ke bin unguwanni da na'ura, suna ɗebe ƙarafan da suka fito daga rami, don wasunsu na ɗauke da gubar dutsen. Da bakinki kika ce na dokin ƙofarki daga can ya fito. Ki kira su su auna shi. Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Sannan, tsakani da Allah, tun da kin riga kin fara, yaya kamanninsa? Ba wai na yarda ba ne. Tambaya ce kawai.

Allah Ya tsare ki.

Yayarki,
Siddiƙa

*

Akokan, 28 ga Maris

Yaya mai umarni,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Rubutun na shanye a gabansa, ina sha yana cewa amin. Turaren ma ya yaba, ya ce a tambaye ki ko da saura. Musulmi ne, Yaya, ya fi Kalilu tsare salla nesa ba kusa ba.

Kin ce ba ki yarda ba amma kina son kamanni. To, dogo ne, siriri, da rawani baƙi mai sheƙi irin na mutanen Azbin, idanu kawai ake gani. Ban taɓa ganin bakinsa ba, kuma ban tambaya ba. Yana bayyana in rana ta take, ya ɓace da kiran la'asar. Can ƙuryar rumfa yake zama, nesa da keken ɗinkina, don ko allura ta faɗi sai ya janye ƙafa. Ina dafa shayi in zuba masa a ƙaramin kofin gilashi. Ba ya sha, ƙamshin yake shaƙa, amma in na ɗauki kofin sai in ji ruwan ya zama salam.

Hira kuwa ba a magana. Ya san kowace rijiya daga nan har Gougaram, ya san wadda ruwanta ke da zartsi da wadda raƙuma ke yi wa layi. Yana ba ni labarin lambunan da ke cikin duwatsun Azbin, inda rumman ke fashewa a kan reshe. Kuma yana saurare, Yaya. In na yi magana ba ya katse ni, ba ya duba waya. Shekara tara na yi da namiji ban san ana yin haka ba. Ina son shi. Na rubuta, ga shi nan, ki yi yadda za ki yi da ni.

Abu ɗaya ne ba na so. Akwai wata 'yar huda a jikin katanga ta gabas, inda ƙusa ta fita. Wani lokaci muna cikin magana sai ya yi shiru, ya kafa ido a wurin. Ta nan ake hango duwatsu in gari ya yi garau. Ni ma sai in tashi in kama wanke-wanke, ko da kwanukan a wanke suke.

Masu awo sun zo layinmu. Sun ɗauki tukunya da ƙyaure a gidan maƙwabciyata Mariyama, matar Ismaghil maƙeri. A gidana ba su ɗauki komai ba. Tarin kuma zafi ne kawai, kowa yana yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ki kwantar da hankalinki.

Ki shafa mini kan yara.

Taki,
Radiyya

*

Akokan, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Hajiya Siddiƙa,

Salamu alaikum. Ni ne Mariyama, maƙwabcin Radiyya. Ni ke faɗi, maigidana Ismaghil ke rubutawa. Hausana ba shi da kyau, ki yi haƙuri. Muna gaishe ku da iyali.

Hajiya, ƙanwarki bai gaya miki gaskiya duka ba. Masu awo ba su ɗauki komai ba don ba su shiga ba. Ranar da suka zo, Radiyya ya ɗauki gawayi ya rubuta BA A SHIGA a bakin zaure. Ya yi magana daga ciki, ya ce maigida ya dawo, ya yi kulle, ya fita. Mutanen nan masu kunya ne, ba su shiga gidan matan aure. Suka ce Allah Ya ba da haƙuri, suka wuce. Duk layi mun san babu maigida, amma muka yi shiru.

Bayan nan ya shafe ƙarfen da laka, ya sa tabarma a kai. Nan yake zama wuni, kamar mai gadi. Ya rame ƙwarai. Ban sani ba ko ƙarfen ne ko wani ciwo, ni ba likita ba ne, amma ya ƙi zuwa a duba.

Zancen baƙon da ke ciki, mu maƙera mun san da shi tun da daɗewa, awakinmu ba su bin jikin katangar nan. Ismaghil ya ce aikin minti goma ne ya tone ƙarfen, hanya ya buɗe. Radiyya ya sani. Baƙon ma ya sani. Amma irinsu ba su roƙo, ko za su shekara ɗari. Sai mai gida ya buɗe da kansa.

Masu awo za su dawo ƙarshen wata, daga shi sun gama da unguwarmu. Ki yi masa magana, ke yake ji.

Mun gaishe ku.

Mariyama

*

Damagaram, 17 ga Afrilu

Radiyya,

Sallama da gaisuwa. Inna tana lafiya, kuma har yanzu ban gaya mata ba, kada ki ce ban iya riƙe magana ba.

Mariyama ta rubuto mini. Kada ki yi fushi da ita, ta fi ki hankali. Da na karanta raina ya ɓaci har na kasa cin abinci. Kin yi mini ƙarya, kin yi wa bayin Allah ƙarya, kin mayar wa kanki da auren da aka sake ki ta waya, duk don guntun ƙarfe. Na yi niyyar cika takardar nan da zancen huhu da jini, amma na san so hana ganin laifi ne, ba za ki ji ba. Don haka zan yi miki wata maganar.

Kin tuna shekarar da Baba ya kwanta ciwon ajali? Kwana goma sha ɗaya yana tambaya ko motar da ke zuwa daga wajenku, ta Arlit, ta iso. Ba ki zo ba. Bayan an yi bakwai kika kira ni kina kuka, na ce me ya sa ba ki roƙi Kalilu ya bar ki ba. Kika ce, "Yaya, ban iya roƙo ba. Kuma ai yana gani." Kika ce ba hanin ne ya fi yi miki ciwo ba, don bai ma buɗe baki ya hana ba. Yana ganin kin ɗaure kaya kin ajiye bayan ƙyaure, yana ganin kina kallon ƙofa, sai ya ɗauki rediyonsa ya yi kamar bai gani ba.

Yanzu ke ce kike tashi wanke kwanukan da ke a wanke.

Ni ban sani ba ko Amastan ɗinki yana nan ko babu. Har gobe rabin zuciyata na cewa rana ce ta taɓa ki. Amma in yana nan, to yana da nasa mutanen a bayan duwatsun nan, kuma wa ya san wa ke kwance yana tambaya ko ya iso? Kin ce yana saurarenki. Ta yaya ba zai saurara ba, ina za shi? Ba ki san ko zama yake da ke ba, ko kuwa zaman dole ne da ladabi. Ba kuma za ki taɓa sani ba muddin ƙarfen nan na wurin.

Na san tsoron da kike ji, ƙanwata, wallahi na sani. Ina kuka nake rubuta wannan. Amma ban yi renon ki a bayana don ki zama Kalilun wani ba, ban kuma shirya karɓar gawarki daga motar Mano ba.

Ki goge gawayin nan. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya.

Yayarki mai ƙaunarki,
Siddiƙa

*

Akokan, 30 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Kwana uku na yi ina jin haushinki, ran na huɗu na ɗebo ruwa na wanke bangon zaure.

Jiya masu awo suka dawo, Ismaghil ya tone ƙarfen da rana tsaka. Na'urar masu awo ta yi ta ƙara tun kafin su kai ta kusa. Sun naɗe shi sun tafi da shi, sun kuma ba ni takardar zuwa gidan likita.

Amastan ya daɗe tsaye a bakin ramin da aka ciro ƙarfen. Na ce, "Hanya ga ta nan." Muryata ba ta yi rawa ba, ki shaida. Ya dube ni ya ce, "Kin yi abin da ban iya tambaya ba. Allah Ya buɗe miki kamar yadda kika buɗe." Ya ɗaga ƙafa a hankali ya taka zaure.

Na ɗauka zai waiwayo. Yaya, da gudu ya fita, babban mutum kamar wannan, rawani na warwarewa. Na bi shi har bakin titi ba takalmi. Ban ga kowa ba, sai dariyarsa nake ji tana yin gabas. Shekara biyu muna tare, ban san yana dariya ba.

Ina tafe ran Laraba. Ki zo tasha ke kaɗai, kuma kada ki ce mini komai sai na ci abinci.

Ƙanwarki,
Radiyya