Wace "Ya" Ka Ce Mini?

Ashton, Idaho
Oktoba, 1994

Zuwa ga ɗana Lorin,

Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗanta, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokin aikinka Dattijo Huanca. Ina roƙon Uba na Sama ya kiyaye sawunku a titunan Juliaca can ƙasar Peru, ya sassauta zukatan masu rufe muku ƙofa, ya tsare ku daga karnukan nan da ka ce ba sa ƙaunar farar riga. A bayan ambulan na rubuta Dattijo Tolman kamar yadda ƙa'idar mishan ta ce, amma a ciki Lorin zan kira ka, tunda ni na raɗa maka.

Mu nan muna lafiya, kamar yadda ake faɗa. An binne babanka ranar Asabar, kusa da kakanka. Coci ya cika har ɗakin wasanni. Yayarka Janeal ta zo daga Pocatello da jaririnta, ƙaninka Brant ya kama akwatin gawar a gefen da ya kamata ka kama, kuma bai kunyata mu ba. Kaka Ione ta zauna a keken guragu tana tambaya ko Merrill, babanka, ya dawo daga gona. Mun daina gyara mata. Matan ikilisiya sun kawo faranti-faranti na dankali da cuku, irin na kowace jana'iza. Na ci don kada a ce ban ci ba, ban ji ɗanɗanon komai ba. Ban yi kuka ba har yau, kuma ba dauriya ba ce, kada ka yaba mini. Abin bai zo ba ne kawai. Ranar Litinin na goge rigunansa na jera a ma'aji, sai da na gama na tuna ba mai sa su. Maganar gona kuwa, mazan ikilisiya sun zo da motocinsu, sun haƙe sauran dankalin sun zuba a rumbu kafin ƙasa ta daskare. Na faɗa maka wannan ne don kada ka ce gona ce ke kiranka. Ba ta kiranka.

Wasiƙarka ta ƙarshe babanka ya karanta ta, ka kwantar da hankalinka a kan wannan. A teburin cin abinci ya karanta, da ya zo inda ka ce mutanen can suna shanya dankali a cikin sanyi su tattake shi da ƙafa ya shekara bai lalace ba, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce mutanen da suka san wannan, su ya kamata su turo mana 'yan mishan. Ni ban yi dariya ba, domin na ga abubuwan da shi bai gani ba. A hoton, gashinka ya taɓo kunne, wuyan rigarka kuma ya yi maka yawa. Ka ce ƙasan takalminka ya huje kana sa kwali. Wannan ba tsoron Allah ba ne, sakaci ne, akwai masu gyaran takalma a kowace ƙasa. Shayin ganyen nan da ake ba ku don ciwon da zama kan tsaunuka ke jawowa, ban damu da wanda ya ce ya halatta ba, ka tambayi shugaban mishan da bakinka kafin ka sake kai shi baki. 'Yar'uwa Eulogia da ke dafa muku abinci, ka cinye duk abin da ta zuba, ko da dabbar nan ce mai kama da ɓera, ka kuma wanke kwanonka. Na kuma lura rabin kalmominka sun koma Sifaniyanci, har kana neman yadda ake faɗin abu da harshen gidanku. A lokacin na ɗauka ƙaramin abu ne.

Yanzu ga dalilin wannan takarda. Ranar da shugaban mishan ya ba ka izinin kiran gida, alhali ba Kirsimeti ba ce ba kuma ranar iyaye mata ba, ranakun da aka yarda ku kira, ka san yadda wayar take, ana magana muryar na isowa daga baya. Na faɗa maka an sami babanka a cikin tarakta, injin na aiki, shi zuciyarsa ta tsaya. Ka yi shiru. Ni kuma ba na son shiru a waya, sai na cike shi. Na ce ba za ka dawo ba. Na ce Ubangiji ne ya kira ka shekara biyu, ba shekara da rabi ba. Na ce an ɗaure aurenmu a haikali har abada, saboda haka babanka bai ɓata mana ba, kuma kai da kake ƙwanƙwasa ƙofofin mutane kana gaya musu haka, ba kai ne za ka fara nuna shakka ba. Na yi ta magana. Kai kuma ka ce, "Ya, Mama. Ya." Ka maimaita. Daga nan layin ya yanke. A bakinmu na nan "ya" ai "eh" ce, haka babanka ke amsa mini duk tsawon zamanmu. Na ajiye waya na gaya wa bishop, shugaban ikilisiyarmu, cewa yaron ya amince, kada a yi maganar tikiti.

A wajen cin abincin jana'iza na maimaita wa duk wanda ya tambaya. Ba zan ɓoye ba, da alfahari na faɗa. 'Yar'uwa Pulley ta riƙe hannuna ta ce na yi tarbiyya. Baffanka Delos yana gefe da farantinsa, ka san shi ma a Peru ya yi nasa mishan ɗin tun kafin in san babanka, kuma har yau ba ya bari a manta. Ya bari mutane suka ragu, sannan ya matso ya ce, "LaRae, wace 'ya' ɗin ya ce miki? Ai mutanen can suna da ita kala-kala, kamar dankalinsu." Na ce masa ba ranar wasa ba ce. Ya ce ba wasa yake ba. Ya ajiye cokali ya yi ta faɗa mini ita da murya daban-daban. Wai idan an faɗe ta a taƙaice, "to" ke nan, na ji, na yarda. Idan an ja ta, "ya isa haka" ke nan, abin da yaro ke ce wa uwar da ta cika faɗa. Akwai wadda ake faɗa wa mai kuka don a rarrashe shi. Akwai ta "gani nan zuwa". Akwai kuma wadda mutum ke faɗa idan abu ya riga ya faru, ba sauran abin yi. Ya ce, "Ke dai kin iya wa'azi, matar ƙanena, da ke aka tura da an gama da Peru cikin wata guda. Amma kin tsaya kin ji shi kuwa?" Na ce masa ya ci abincinsa kafin ya huce.

Tun ranar nake ƙoƙarin tuno muryarka, ba ta zuwa. Ina tuna ƙarar layin, ina tuna igiyar wayar da na naɗe a yatsa har ya yi fari, ina tuna abin da na faɗa kalma bayan kalma. Taka kalmar guda ɗaya ce, ita ce ban riƙe ba. Na gwada faɗinta ina wanke-wanke, a taƙaice da kuma a ja, duk ɗaya suke a kunnena. Mutane na tsayar da ni a kanti suna tambaya yaya nake, ina cewa da godiya, amma a cikina kalmar taka ce ke amsawa, kuma ni ma ban san wacce nake nufi ba.

Kada ka ɗauka na sauya ra'ayi. Abin da na faɗa a waya gaskiya ne, kuma da za a sake kira zan sake faɗa, sai dai a taƙaice. Wanda ya ɗauki alkawari ya cika shi. Babanka bai samu zuwa mishan ba domin kakanka ya kwanta ciwo a shekarar da za a kira shi, gona ta riƙe shi. Bai taɓa ƙorafi ba, amma taswirar Peru da ya manna a jikin firij, shi yake matsar da fil ɗin da ke kanta duk lokacin da aka canza maka gari. Tana nan, ban taɓa ta ba. Ba kuma zan yaudare ka game da garin nan ba. Ka san ɗan gidan Hathaway da ya dawo kafin lokacinsa. Ba wanda ya ce masa komai, amma an sauke allon hotonsa na ɗan mishan daga bangon coci ba tare da taro ba, kuma har yau a bencin baya yake zama, yana fita kafin waƙar ƙarshe. Naka allon yana nan a rataye, ina wucewa ta gabansa kowace Lahadi. Ina so ya kai lokacinsa.

Amma ni ban saba ɗora wa mutum maganar da bai faɗa ba, kuma na koya muku cewa shaidar da ba ka tabbatar ba ƙarya ce ko da ta yi daɗin ji. Na shaida wa ikilisiya guda cewa ka ce "eh", alhali ban sani ba. Saboda haka jiya na koma wajen bishop na ce masa ya bar maganar a buɗe sai na ji daga gare ka. Idan "to" ka ce, to ka aske gashinka, ka gyara takalminka, ka tashi a kan lokaci ka yi aikin da aka tura ka, ba na son jin cewa ɗan Merrill Tolman yana jan ƙafa. Idan kuwa ɗaya daga cikin sauran ce, ka je ka gaya wa shugaban mishan ba tare da kwana-kwana ba. Zan ɗauki motar babanka in je filin jirgi a Idaho Falls da kaina. Ranar Lahadi kuma a bencinmu na gaba za ka zauna, kusa da ni, har a gama waƙar ƙarshe, mai kallo ya kalla.

Janeal da mijinta suna gaishe ka. Brant yana gaishe ka, ya ce in gaya maka ya ɗauki hular sanyinka ba zai mayar ba. Kaka Ione na gaishe ka, ko da yake da sunan babanka ta kira ka. Baffa Delos ya ba ni wata doguwar gaisuwa da Sifaniyanci, na ce ya sayi kan sarki ya rubuta da kansa. Ka gaida Dattijo Huanca, ka ce na gode da ya zauna kusa da kai a ranar. Ka gaida 'Yar'uwa Eulogia, ka ce ta ƙara maka abinci. Ubangiji ya riƙe ka a duk inda amsarka ta ajiye ka.

Ka ba ni amsa da harshen da na koya maka, Lorin. Wannan karon zan bari ka gama.

Mahaifiyarka,
LaRae Tolman