Uwar Makullai da Ɗakin Kwamfuta

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Nan ma lafiya lau, sai ciwon gwiwar nan da ka sani.

Auta, mun ci! Cikin makarantun gwamnati arba'in da suka nema, asusun nan mai haɗa makarantu da unguwanninsu da intanet ya zaɓi shida, kuma har da tamu. Takardar neman da ka zauna ka cika mini, kana mita kamar an sa ka dole, ita ta yi aiki. Na gode, amma kada ka fara hura hanci.

Ranar Talata suka zo da mota biyu. Sun kafa dogon ƙarfe a bayan aji shida, sun jera farantan sola a kan rufi, sun sa kwamfuta goma sha biyu a tsohon ɗakin ajiya. Akwai kuma wani ɗan akwati mai ƙyafta koriyar fitila, sun ce shi ke raba intanet har tsallaken titi. Yara sun manne a tagogi, sai da na kaɗa ƙararrawa sau biyu kafin su koma aji.

Suna tafiya na yi abin da ya dace. Na kashe komai, na sa an ɗinka wa kowace kwamfuta riga da yadin labule, na ƙara kwaɗo biyu a ƙofa, akwatin kuma yana cikin durowata. Sun ce bayan wata uku za su dawo su duba. To, su zo. Ko ƙura ba za su gani ba. Ka san ni, taswirar duniyar nan mai kama da ƙwallo da aka ba mu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, har yau tana cikin ledarta. Malamai suna kirana Uwar Makullai a bayan idona, sun zaci ban sani ba. Su yi ta faɗa, ni dai ko allin gwamnati ban taɓa ɓatarwa ba.

Telan tsallaken titi, wanda ya ɗinka rigunan, har da cewa in ba shi lambar sirri ya duba sabon yayin ɗinki. Na ce masa nan makaranta ce, ba majalisa ba.

Direba zai kawo maka wannan kamar kullum. Kada ka sake ce mini in riƙa aiko saƙo ta waya, ni takarda na sani. Ka gaida mutan gida.

Yayarka.

*

Babbar yaya,

Ina gaisuwa, gwiwa biyu a ƙasa. Allah ya sawwaƙe ciwon ƙafa.

Na ga wasiƙarki, na yi murna har na fara karanta wa masu jiran a buga musu takardu a shagona. Da na zo wajen riguna sai na naɗe ta na sa a aljihu, don kada su ji sirrin gidanmu. Yaya, kwamfutoci kika samu ko jarirai? Riga da yadin labule! Saura hula da safa.

Don Allah ki buɗe kwafin takardar da na bar miki, shafi na huɗu. Ba ajiya aka ba ki ba. Na rubuta, kin sa hannu, cewa ɗalibai za su yi aiki da su da safe, mutanen unguwa kuma bayan an tashi. Akwatin nan da kika kulle a durowa kuwa, shi ke gaya wa ofishinsu ko ana amfani da kayan. Ba ƙura za su zo dubawa ba.

Na san ba za ki ji maganata ba, tunda ke kika goye ni. Amma dai na fita haƙƙinki. Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Auta.

*

Zuwa ga Shugabar Makaranta,

Muna gaishe ki, tare da fatan aiki yana tafiya daidai.

Bayanan da ke isowa ofishinmu sun nuna cewa cikin mako tara da haɗa makarantarki, an yi amfani da intanet na minti arba'in kacal, duka a ranar da aka kafa kayan. Da farko mun ɗauka na'ura ce ta lalace, amma babu wani ƙorafi da ya zo mana daga gare ki.

Muna tunatar da ke cewa an ba da wannan tallafi ne domin ɗalibai da mazauna unguwa su amfana tare, kuma makarantu talatin da huɗu suna jiran irinsa. Za mu ziyarce ki ranar Alhamis ta ƙarshen wata. Idan ba mu ga ɓangarorin biyu suna amfana ba, za a kwashe kayan a kai wata makarantar.

Mun gode da haɗin kanki.

Jami'ar sa ido,
a madadin asusun.

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, don yau ba ni da natsuwa. Ga kwafin takardar da suka aiko. Ka karanta, amma kada in ji "ai na faɗa miki".

A tsaye na fara karanta ta, a zaune na ƙarasa. Sati uku ya rage. Nan take na tuɓe rigunan, na fito da akwatin, Malamin Lissafi ya jojjona wayoyi. Ɗalibai ba su ba ni wahala ba, ƙararrawa ɗaya suka cika ɗakin. Mutanen unguwa ne matsalar. Na sa an rubuta a allo cewa kowa ya shigo bayan tashi, aka jingine a bakin ƙofa. Kwana huɗu ina zaune a kan benci da rajista a cinyata, ba wanda ya shigo sai akuyar mai gadi. Su zo wucewa, su karanta allon, su kalle ni, su ƙara sauri. Shekara goma sha ɗaya ina korar su daga famfon makaranta da inuwar bishiyarta, yau kuma na ce su zo. Sun ɗauka tarko ne.

Ba na jin kunyar gaya maka, tsoro nake ji. In aka kwashe kayan nan a gaban yara ɗari bakwai, da wane ido zan tsaya a gabansu a layin safe?

Kai kana ganin rowa ce ke damuna, don kana goye aka yi abin. Lokacin Baba yana ma'ajin makaranta, an kawo rediyo guda don darasi. Da yamma yakan fito da ita bakin ƙofa, maza su taru su ji labarai. Rannan aka neme ta aka rasa. Ina aji huɗu, ina kan layi aka karɓe makullai daga hannunsa a gaban kowa, aka sallame shi. Ƙarar makullan nan har yau tana kunnena. Ranar na yi wa kaina alkawari, duk abin da aka damƙa mini, yadda aka ba ni haka za a same shi. Yanzu ga shi alkawarin nan ne zai sa a karɓe nawa makullan.

Ka sa ni a addu'a.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ban yi dariya ba, kuma ba zan ce komai a kan shafi na huɗu ba.

Ke kin ga ranar makullai. Ni kuma na yi jinyar Baba wata biyar kina can wajen aiki, na ji abin da ba ki ji ba. Akwai wani dattijo da yake zuwa duba shi duk sati. Ya ce mini a rediyon nan ya ji sanarwar ɗaukar ma'aikatan jirgin ƙasa, da ita ya ci abinci shekara talatin, ya aurar da 'ya'yansa. Kuma mazan bakin ƙofar nan su suka haɗa wa Baba kayan kafinta bayan an sallame shi. Ban taɓa gaya miki ba, don duk sanda aka ambaci rediyo sai ki tashi daga wurin.

Na tambayi Baba ko yana nadama. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Da za su sake ba ni ita, da na sake fito da ita. Sai dai wannan karon in ɗaura mata igiya."

Shawarata ɗaya ce. Allo ba ya iya ba da haƙuri. Ki tsallaka titi da ƙafarki, ki fara da Tela. Allah ya ba ki sa'a.

Auta.

*

Ƙanena na kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Nemi wuri ka zauna, wannan doguwa ce.

Wasiƙarka ta sa ni kuka a ofis, sai da na kulle ƙofa. Washegari na tsallaka titin. Tela yana ganina ya ce, "Malama, rigar wace ce ta yage?"

Na ce, "Ba riga ba ce. Haƙuri na zo ba ka."

Ya cire allura daga bakinsa ya ce, "Ki ƙara faɗa, keken nan yana da ƙara."

Keken a tsaye yake, Auta. Na ɗaga murya na sake faɗa. Sai ya ba ni kujera, ya ce, "Malama, ba wai ba ma so ba ne. Amma wa zai shiga inda za a rubuta sunansa kamar mai laifi, ke kuma kina zaune a kansa kina ƙirga numfashinsa? Ba ni makulli ɗaya, in an tashi ki tafi gida ki huta da gwiwarki."

Makulli! Har farcena ya karye wajen zare shi daga zobe. Na ba shi, na tafi gida, amma ban huta ba. Sau uku ina sa takalmi ina cirewa.

Kwana uku na daure, a na huɗu na leƙa ta taga. Ban gane ɗakin ba. Wani tsohon ma'aikacin gidan waya da aka tsayar wa fansho, wai sai ya tabbatar musu yana raye, yana zaune ƙiƙam a gaban kwamfuta ana ɗaukar hotonsa, yana cewa, "Ku gaya musu ga ni nan, ban mutu ba, talauci ne kawai." Bakanike yana duba zanen wani inji da ya gagare shi wata biyu. Ungozoma ta tara mata huɗu suna kallon darasin kula da jarirai, tana yi wa likitan cikin kwamfutar gyara. Mai sayar da kifi tana magana da 'yarta da ke aure a nesa, tana ihu kamar ba za ta ji ba sai da ƙarfin murya. 'Yan aji shida su ne malaman, suna yi wa iyayensu tsawa irin tawa sak. Na ji kunya, na kuma ji daɗi.

Saura kwana biyu a zo dubawa, abin da nake tsoro ya faru. Linzamin kwamfuta ta tara, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, ya yi ɓatan dabo. Har na ɗauko kwaɗon nan biyu na nufi ƙofa, sai na tuna dariyar Baba. Na mayar da su durowa.

Ranar Alhamis jami'ar asusun ta zo da la'asar, ɗaki a cike. Yarinya ce ƙarama, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ko gaisuwa ban bari mun gama ba, na miƙa mata zoben makullaina na ce, "Linzami ɗaya ya ɓace a hannuna. Laifina ne, ba na kowa ba."

Ta kalli makullan ta kalle ni. Ta ce, "Ɗaya kacal, Mama? Muna da kwali guda a mota saboda irin haka. Mayar da makullanki."

Ta shiga tana duddubawa. Ta tsaya a kan kwamfutar da Bakanike ya fi so, duk shatin baƙin mai, wasu haruffan sun fara gogewa. Ni ina neman inda zan ɓuya, ita kuwa hoto take ɗauka. Ta ce a makarantu biyu sun tarar da kaya fes cikin leda, kuma sun kwashe su. Tsohon ma'aikacin gidan wayar ya tare ta da takardar fanshonsa, ya hana ta tafiya sai da ta karanta har ƙarshe. Tela ya ce mata, "Malamarmu ce ta buɗe mana." Malamarmu, Auta! Mutumin da na kora.

Kayan sun zauna. Asusun zai ci gaba da ɗaukar nauyin intanet ɗin shekara biyu, kuma za su ƙara tsawon ƙarfen don intanet ɗin ya kai har ɗakin shan magani da bakin kasuwa. Da na sanar a layin safe, ihun yaran nan sai da ya kori akuyar mai gadi daga harabar.

Yanzu kana iya cewa ka faɗa mini. Sau ɗaya na yarda, kada ka maimaita. A gaida kowa da kowa.

Yayarka mai farin ciki.

*

Auta,

Ni ce. Da yatsa ɗaya nake bugawa, Tela yana tsaye a kaina yana nuna mini inda zan danna. Ka ce wa Direba ya huta.

Na cire taswirar duniya daga leda, har yara sun lotsa ta. Yanzu na leƙa waje, mutane sun cika bakin ƙofar makaranta kamar lokacin rediyo. Na ce wa Tela hasken kwamfuta ne ke sa idona ruwa.

Duk linzaman na ɗaura musu igiya, yadda Baba ya ce.

Yayarka.