Jikata Ta Ce Ni Zan Riƙe Mata Fiffike

Doña Herminia,

Ki taimake ni da shawara, don kwanakin nan ko zama na kasa yi. In ɗora ruwan shayin mate in manta da shi, in fita in dawo, har kare ya gaji da bina. Ban yi makaranta ba. Maƙwabciyata Nélida ce ke rubuta min, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara min magana.

Ina da jika, Aldana, shekararta sha shida, a hannuna ta tashi tun rasuwar uwarta. Bara ta liƙe wa ƙungiyar masu jirage marasa inji da ke bayan gari. Kin san su: a ɗaura wa jirgi igiya, wani mai inji ya ja shi sama ya sake shi, sai ya yi ta shawagi kamar ungulu ta hango mushe. Tana wanke musu jirage tana tura su, su kuma suna koya mata. Ba ta da zance sai gajimare, tana cin abinci tana leƙen taga. Na ce mata mahaukaci kaɗai ke hawa abin da ba shi da inji, ta ce ai dokina ma ba shi da inji, kuma ya fi jirginta kayar da mutane. Bakin kakarta ta ɗauko, Allah ya ji ƙanta.

To, filin nan da suke tashi, a nan aka haife ni. Mahaifina ke kiwon shanun mai gonar. Da mai gonar ya sayar da filin ga 'yan birni masu son wasa da iska, aka ce mu kwashe. Suka rushe ɗakinmu, suka sare itatuwan turaren da mahaifiyata ta dasa, wai suna tare musu hanyar sauka. Ba ta ƙara shekara a duniya ba. Ranar da muka binne ta na rantse ƙafata ba za ta sake taka filin ba, kuma har na tsufa ban taka ba. Naman da suke gasa wa mutanen gari duk shekara, ƙamshinsa har tsakar gidana, ban taɓa ɗanɗanawa ba. Aldana ba ta san wannan ba, ta ɗauka tsoron jirgi nake.

Asabar mai zuwa malaminta Bertolotti zai bar ta ta tashi ita kaɗai karon farko. Jirgin taya ɗaya gare shi, in yana ƙasa fiffike ɗaya kwance yake a ciyawa. Sai wani ya ɗaga shi, ya bi shi da ɗan gudu, sannan ya saki. Yarinyar nan ta kafe sai ni. Na ce ga samari cike da fili, ta ce wanda ya riƙe mata keke shi zai riƙe mata wannan, in kuma tsufa ya hana, za ta roƙi karena.

Nélida ta ce taurin kai ne. Ita ai ba a rushe ɗakin ubanta ba. Kuma wa ya taɓa zuwa ya ba ni haƙuri? Ga hannuna, da igiyar maraƙi ya saba, in ya kama ba ya saki, alhali an ce in mai riƙon ya ja baya jirgin karkacewa yake yi.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne shekaranjiya. Tana ba ni labari, wai in ta juyo za ta sauka, akwai wani wuri a ƙarshen fili da ciyawarsa ta fi duhu, mai kusurwa huɗu, daga sama kaɗai ake ganinsa, da shi take auna saukarta. Gurbin garken da babana ke kwantar da shanu ne, takinsu ne ya sa ciyawar duhu. Na tashi na fita, na bar abincin.

In je in karya rantsuwa, ko in tsaya bayan wayar shingen filin kamar kullum?

Tsohon Bayan Waya

Baba,

An cuce ku, kuma ba zan ce ka manta ba. Nélida ta yi gaggawar kiran abin taurin kai. Amma waɗanda suka sare itatuwan yawancinsu suna ƙarƙashin ƙasa, rantsuwarka ba ta taɓa hana su barci ba. A yau mutum ɗaya take shafa, yarinyar da ba ta ma san da ita ba.

Ka faɗa mata labarin yau ko gobe. Kada ka bari sai safiyar Asabar, don mai tashi ita kaɗai ba ta bukatar sabon nauyi a zuciya, ba ta kuma bukatar ta riƙa waigen ƙofa ko za ka zo. In rantsuwar ta tsaya maka a rai, ka ga Fada a coci kafin nan.

Batun hannu kuwa, tsoronka na hankali ne. Ka je wurin Bertolotti ranar Juma'a ya gwada ka, ya ga gwiwarka da riƙonka. In ya ce ba ka iya ba, kada ka mai da shi sabuwar gaba. Wani ya riƙe, kai ka tsaya inda za ta gan ka. In bakinka ya buɗe, ka gaya masa abin da aka yi muku. Ba mamaki bai taɓa ji ba, haƙurin da ba a nema ba kuwa da wuya ya zo da ƙafarsa.

Naman, ci ko bari, wannan ruwanka. Amma garken babanka shekara guda ke nan yana sauko maka da jika lafiya, ya kamata ta san na wane ne.

Allah ya ɗaga ta lafiya, ya sauke ta lafiya, kai kuma ya sassauta maka hannu.

Herminia